Shekarar da Jinin Babanku Ya Hau

Kun girma kuna jin ana cewa na shanye babanku. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabanku da babbar murya, amma kun ga yadda matan gidan Baffanku Tanimu ke janye yaransu in na miƙa musu ƙosai ranar biki, na kuma ga yadda ku ma kuke sunkuyar da kai kamar ba ku gani ba. Ladi ce kaɗai ta taɓa tambayata, lokacin tana budurwa, na daka mata tsawa har ta bar ɗakin. Yanzu na tsufa, idona ya fara gajiya da rubutu, kuma ba na so in tafi in bar muku wannan magana rataye a wuya. Ciwon babanku ba hawan jini ba ne kamar yadda aka gaya muku. Ciwon daji ne, kuma duk abin da ya biyo baya ya faro ne daga magana guda da muka ji ta a karkace.

Zamanin soja ne, lokacin da mota kan kwana a layin mai ta wayi gari ba ta samu ko ɗigo ba. Ina koyarwa a firamare a Malikanchi, albashi yana zuwa ran da ya ga dama. Rake ne ya riƙe gidanmu. Babanku yana da fadamarsa da dokinsa da injin matse rake, yana dafa mazarƙwaila a kai kasuwar Makarfi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ƙarfinsa ya fi na samari, ga faɗa. In ya yi wa 'yan ƙwadago tsawa a fadama, ina jin sa daga madafa. Da rani sai fitsari ya ƙi fita masa, mararsa ta kumbura, wannan ƙaton mutum ya kwanta yana birgima a tsakar gida. Ina jegon Auta a lokacin, don haka wansa Tanimu ne ya kai shi Zariya. Can aka yanke masa wata tsoka da ke wuyan mafitsarar maza, wadda ta kumbura ta toshe hanya. Ya dawo da ɗinki a mara, yana ta fariyar cewa yanzu fitsarinsa na iya ture gara. Abin da kawai suka kawo mini na bayani shi ne likita ya ce a riƙa kai jininsa lokaci-lokaci a duba. Ban tambayi dalili ba, su ma ba su tambaya ba.

Babanku ba mai barin gona ba ne don a soka masa allura a dawo, ga wahalar mota. Sai aka shirya cewa malamin asibiti a Makarfi zai riƙa ɗiban jinin a 'yar kwalba, a jefa ta cikin flas ɗin shayina da ƙanƙarar da ake saya wurin mai lemo, Baffanku Tanimu ya kai Zariya. Na farko ya je ya dawo ya ce lafiya lau. Na biyu, farkon damina, ya shigo da la'asar ya zauna kan turmi, aka gaisa, aka tambayi hanya da sojojin hanya, ya sha ruwa, sannan ya ce:

"Likita ya ce jini ya hau. Ya ce a kawo ka."

"Hawan jini ke nan," in ji babanku.

"Mai faɗa irin naka, ai in jini bai hau ba shi ne abin mamaki," na ce.

Muka yi dariya mu duka, har da Tanimu. Ina so ku fahimci wannan, don kada ku ɗora wa Baffanku laifin da ba nasa ba. Duk ƙasar nan, daga Ikara har Kudan, in an ce wa mutum jininsa ya hau, abu ɗaya yake ji. Rabin tsofaffin cocinmu suna da shi, suna shan ƙwayarsu suna zuwa gona. Wa zai bar huɗa a tsakiyar damina ya tafi Zariya saboda hawan jini? Ni da nake taƙama da boko, ni na fi kowa zaƙewa. Na cire gishiri daga miyarsa, na cire magi, na hana shi man shanu, na riƙa jiƙa masa zoɓo ba sukari da tafarnuwa. Yakan ɗanɗana miyar ya ture kwanon ya ce wannan ruwan wankin tukunya ne, ni kuma in tura masa shi in ce zai ci ko ya kwana da yunwa. Da ya je kasuwar Makarfi ya biya wurin malamin asibiti aka ɗaura masa abin awo a damtse, aka ce jininsa daidai yake kamar na yaro. Na yi ta yi masa gorin cewa ga amfanin jin maganar mace. Haka muka cinye damina guda muna yaƙi da gishiri.

Kakarku Inna tana nan da ranta a lokacin, makauniya, kullum tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ba ta buƙatar a yi sallama, da taku take gane kowa, har akuyar gidan tana iya bambanta ta da ta maƙwabta. Wata rana da azahar, an fara saran rake, babanku ya shigo da dami a kafaɗa yana fito. Inna ta dakata da ɓarar gyaɗarta ta ɗaga kai.

"Wane baƙo ne ya shigo mana?"

"Ni ne, Inna."

Ta juya fuskarta tana kallon wani wuri kusa da shi, ba inda yake tsaye ba.

"Muryarka ce," ta ce, "amma ba takunka ba ne."

Ya yi dariya ya ce kunnen ma ya bi idon. Ni ban yi dariya ba. Rana tsaka ce, kaji na tonon ƙasa, Auta na barci a bayana, amma maganar ta tsaya mini a rai. Washegari ta sake, da jibi ma. Ta ce ƙafarsa ta hagu tana ɗan tsayawa kamar tana jiran wani ya iso. Na zuba wa tafiyarsa ido har ya fara tambayata ko ya taka kashi ne, ban ga komai ba. Na kai ga share tsakar gida fes da safe, in ya wuce in je in tsuguna in duba sawunsa a ƙasa. Sawu biyu ne lafiyayyu, zurfinsu ɗaya. Na tambaye shi ko ƙugunsa na ciwo, ko bayansa, ya ce in bar shi ya sha iska. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya, sai na ce jinin da za a kai na gaba ni zan kai shi da kaina.

Ranar ba mu samu motar Zariya a Makarfi ba, sai ta masu tumatir da za ta biya ta Kudan ta ɗauki kaya. A Kudan mai ya ƙare. Direba ya ɗauki jarka ya bi 'yan bumburutu, mu kuma muka zauna gindin mangwaro a bakin hanya. Na rungume flas ɗin a cinyata ba na ko son rana ta taɓa shi. Ƙanƙarar ta fara narkewa, in na motsa sai in ji 'yar kwalbar tana buga jikin flas ɗin a hankali, ƙwas, ƙwas, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Wasu mata 'yan garinmu da suka zo ta'aziyya suka wuce, muka gaisa, ɗaya ta roƙi in tsiyaya mata shayi, na ce ba shayi ba ne, na ƙara ƙanƙame shi. Na ga kallon da suka yi wa juna amma ban sa shi a raina ba. Da muka kama hanya, kafin babban titi, sojoji suka tsayar da mu. Wani yaro ƙarami cikin kaki ya nuna flas ɗin da bakin bindiga ya ce in buɗe. Ya leƙa, ya ga kwalbar tana yawo cikin ruwa.

"Jinin wa?"

"Na mijina."

"Yana raye?"

"Yana gona."

Ya ja da baya, ya goge hannunsa a wando ko da yake bai taɓa komai ba, ya ce wa direba ya wuce. Ko na goro bai karɓa ba.

Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa tsinto-tsinto. Da na faɗi sunan mai jinin sai ya ajiye bironsa ya ce ina yake, shi da ya ce a kawo shi tun farkon damina? Na gyara zama na zayyana masa yadda na cire gishiri da magi, da yadda aka auna jinin a Makarfi aka ga ya sauka. Ina magana yana kallona, har na ji muryata tana ƙanƙancewa da kanta. Ya dafe kansa da hannu biyu. Da ya gane ina jin Turanci sai ya yi mini bayani a tsanake, abin da ya ce ya taɓa yi wa babanku da Baffanku da Hausarsa suna ta gyaɗa masa kai. Tsokar da aka yanke, an duba ta an ga daji a ciki. Ita wannan tsoka akwai wani abu da take zubawa cikin jini, wanda suke aunawa da gwajin da suke kira Fi-Es-E. Tun da an yanke ta, ya kamata abin ya yi ƙasa ya zauna a ƙasa. In ya fara hawa, to saiwar ciwon ta rage a jiki kuma ta fara tafiya, yawanci ƙashin baya da na ƙugu take nufa. Wannan ne ya hau, ba jinin da ake ɗaura wa abu a damtse ba.

"Amma lafiyarsa ƙalau, likita. Shi ke ɗaukar damin rake da kansa."

"Na sani, madam. Jinin yana riga jikin sani. Ran da zai ji ciwo, abin ya riga ya zauna a ƙashi."

Na sauka gidan wata 'yar cocinmu har sakamakon sabon jinin ya fito. Ya ƙara hawa, ya ninka na farkon damina. Likita ya ce akwai allurar da ake kawowa daga waje, amma ko mun sayar da fadama da doki ba za ta kai mu ko'ina ba, kuma ba kullum ake samunta ba. Sauran hanya ɗaya ce. Ciwon yana cin abincinsa ne daga abin da 'ya'yan maraina ke fitarwa, in an cire su zai ji yunwa ya lafa, mai yiwuwa shekaru. Ya faɗa da sunan asibiti mai tsawo, amma ni 'yar ƙauye ce, na san sunan abin a wurinmu.

Da na dawo ban shiga gida ba, fadama na wuce. Na tsaya daga nesa ina kallonsa. Doki na zagaya inji, ruwan rake na kwarara, tukwane na tafasa, shi kuma ba riga, yana tura rake cikin inji yana zagin wani yaro da ya bar wuta ta mutu. Ban taɓa ganin sa da ƙarfi kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoron kallon mutum kamar ranar ba. Ni kaɗai a duk fadamar na san akwai abin da ke tafiya a cikinsa, shi mai jikin bai sani ba. Na ja shi cikin rake inda ba mai jin mu, ganye na ta shuu a kanmu, na gaya masa komai ban rage ba.

"Rabin shanun huɗar garin nan ni na dandaƙe su," ya ce. "Yanzu ni za a kwantar?"

"Baban Ladi, ranka ake nema."

"Ina yake mini ciwo? Nuna mini wurin." Ya buga ƙirjinsa, ya buga cinyarsa. "Saboda ɗigon jini a kwalba kike so in zama taure?"

Ya koma wurin injinsa ya bar ni tsaye. Na yi makonni ina bin sa da magiya, da faɗa, da kuka, har na mayar masa da gishirinsa cikin miya ko zai sauko, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ban ga laifinsa sosai ba. Da wuya a ce wa mutumin da ke cin tuwo malmala uku ya yarda cewa yana mutuwa. Ba ni na karya shi ba, Inna ce, ita da ba ta san komai game da Zariya ba. Wata la'asar ya shigo gida shi kaɗai, ba dami ba kowa, ina tankaɗe a gefe. Inna ta ɗaga kai, wannan karon ba ta tambayi ko wane ne ba. Cikin ladabi, da irin muryar da take karɓar baƙi, ta ce:

"Sannunku da zuwa."

Uwa ba ta ce wa ɗanta sannunku. Babanku ya tsaya cak a tsakiyar gida, sannan a hankali ya waiga bayansa. Ba kowa sai ƙofar zaure a buɗe. Bai amsa gaisuwar ba, ya shige ɗaki, na bi shi na same shi zaune a bakin gado yana kallon ƙafarsa ta hagu.

"Ba wanda zai sani," ya ce. "Ko Yaya Tanimu. Hawan jini ne ya mayar da ni asibiti. Ki rantse mini."

Na rantse. Muka sayar da sa guda muka tafi mu biyu, aka yi aikin, bai ma kai na farko wahala ba. Jinin da na kai bayan haka ya faɗi ƙasa warwas, likita har da tafa mini. Inna ta koma gane ɗanta da taku, ba ta sake yin maganar baƙo ba har ta koma ga Ubangiji.

Amma mutumin da ya dawo daga Zariya ba shi gari ya sani ba. Ya fara ƙiba, jikinsa ya yi laushi, gemunsa ya daina cika. Yana zaune cikin sanyin safiya sai zufa ta karyo masa kamar an watsa masa ruwa. Tsawar nan ta tafi. Ya daina zama a dandali da yamma, ya fi son ya zauna kusa da madafa yana riƙe mini Auta. Wata rana a coci ana waƙa hawaye suka zubo masa a gaban kowa. Matan nan da na haɗu da su a Kudan kuma suka tuna sun gan ni gindin mangwaro ina rungume da flas ɗin da na hana a taɓa, ga shi an san akwai wani boka a bayan garin Kudan. Kafin a gama matsar rake ta wannan shekara, magana ta gama gari, har Kurmin Kogi an san cewa malama ta kai jinin mijinta an mayar mata da shi rago.

Baffanku Tanimu ya tara mu a zaurensa. Akwai dattawan coci, akwai sa'annin babanku, waɗanda suka yi farauta tare, waɗanda ya sha danne wa bijimai suna yi masa kirari. Tanimu bai yi mini tsawa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Idonsa jawur, don yana son ƙanensa ƙwarai.

"Uwar Ladi, hawan jini ni ma ina da shi, bai mayar da ni haka ba. Da ina kai jinin nan ƙanena lafiya yake. Kin karɓe daga hannuna, an gan ki da shi a Kudan. Ki gaya mana tsakaninki da Allah, ina kika kai shi?"

Amsar tana bakina, gajeriya ce, da na faɗe ta da an tashi taron nan ana ba ni haƙuri. Na dubi babanku. Zufar nan ta karyo masa, rigarsa ta jiƙe. Ya dafa ƙasa ya fara miƙewa, leɓensa na motsi, ya ce, "Yaya, bari in..." Na dubi fuskokin mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Na san su, na san bakinsu. Kafin magariba za su laƙa masa suna, yara su ɗauka, kuma da shi za a binne shi. Sai na riga shi.

"Jinin mijina ne," na ce. "Na kai shi inda na ga dama, kuma gobe ma zan kai."

Wani dattijo ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki sandarsa, sauran suka bi shi. Sati bai zagayo ba aka sauke ni daga shugabancin zumuntar mata, kuma ba a sake kirana wankan jariri a dangi ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji zafi ba. Na ji, kuma akwai shekarun da na yi ina fushi da babanku a raina don ya koma ya zauna da na yi magana. Amma ya rayu ya kai Ladi coci ranar aurenta, ya koya wa Auta riƙe garma, kafin ciwon ya farka ya tafi da shi. Mazan da suka zauna a zauren nan kuwa, na ƙarshensu an binne shi bana da bazara. Ba sauran mai yi masa dariya, shi ya sa na warware rantsuwata.

Ranar da muka fito daga zauren, ina gaba yana baya har muka kai bakin rafi. Can ya tsaya.

"Uwar Ladi, da kin bar ni na faɗa."

"Da ka faɗa, gobe za ka iya ratsa kasuwa?"

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Sunanki fa."

"Sunana ba ya noma, ba ya ciyar da yara. Wuce mu tafi, Auta bai ci komai ba."

Ya wuce gaba. Na bar shi ya ɗan yi nisa kafin na bi, don kada ya ji ina kuka.